Magini ya ce a zuba ciko, yayana ya ce a sayar

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne a nan Sakkwato, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Muna zaune tare da mahaifiyata a gidan da marigayi mahaifinmu ya bari, a gefen tudu, inda ƙasa ke gangarawa wajen fadama. Ɗaki biyu ne da zaure, ginin ƙasa da aka yi wa shafen siminti daga baya. Yara sun tasa, maza da mata, gidan ya yi mana kaɗan. Akwai fili a bayan ɗakunan amma gangare ne, daga samansa zuwa ƙasansa ya kai tsayin mutum. Magini ya ce a ja katangar bulo ta ƙasa, a yi ta zuba ciko har wurin ya daidaita, sai a yi ɗaki biyu da bayi a kai. Wani abokina ya ce in ɗora bene a kan tsoffin ɗakunan in huta. Yayana ya ce wahalar banza ce, a sayar a raba, in nemi shimfiɗaɗɗen fili a bayan gari. Inna kuwa ta ce nan anka kawo ta amarya, nan za a ɗauki gawarta. Ga maƙwabcinmu na ƙasa, duk damina sai mun yi ka-ce-na-ce kan ruwan gidanmu da ke shiga nasa. Bangon ɗakin Inna ma ya tsage ta kusurwa. Kuɗin hannuna na adashi ne da bashin da na ci a wurin aiki, in suka tafi ba ni da wasu. Ina mafita?

Wani magidanci, Sakkwato

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya ƙara wa Inna lafiya.

Ƙanena, kada ka yarda da cikon nan, kada ka ɗora bene, kuma kada ka sayi ko bulo ɗaya tukuna. Ana iya ƙara gidan, amma ba yadda aka zana maka ba.

Tun da yayanka na maganar a sayar a raba, ba a raba gadon ba ke nan. Inna na da tumuninta a gidan, yayanka na da rabonsa, in akwai 'yan'uwa mata su ma haka. Duk abin da ka gina yau a kan dukiyar tarayya ka gina shi, kuma ranar rabo ba za a rasa mai cewa ai ba wanda ya sa ka ba. Ku zauna da malami masanin gado ko ku je gaban alƙali, a yi wa gidan kima yadda yake yanzu kafin gyara, kowa ya san nasa. Daga nan ko ka sayi rabon yayanka kana biya kaɗan-kaɗan, ko a rubuta cewa ƙarin da za ka yi naka ne, shaidu su sa hannu, mai unguwa ya sani. Kada ka ɗauka mugunta ce ta sa shi maganar sayarwa. Mai yiwuwa yana da buƙatar haƙƙinsa ne yana jin nauyin faɗa a gaban Inna. Same shi ku biyu ka tambaye shi.

To, ciko. Na san abin da ya sa magininka ke son sa: a kwantacciyar ƙasa ya koyi aiki, igiyarsa ta fi yi masa daɗin ja a can. Amma dubi abin da yake so ka saya. Akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita ɗaya ne, in ka cika shi da jiƙaƙƙiyar ƙasa, nauyinsa ya kusa tan 2, wato buhun siminti 40. Irin wannan akwatin da yawa za a tara a bayan katangar, kuma ƙasar ba zama kawai take yi ba, tura katangar take yi ta gefe. Turin kuma ba ya tafiya daidai da tsayi. In ka ninka tsayin ciko sau biyu, turin sau huɗu yake ninkuwa. Ruwan Agusta ya shiga bayan katangar bai sami mafita ba, ya ƙara nasa a kai. Bulo mai inci 9 mai rami a ciki an yi shi ne ya ɗauki nauyin da ke bisa kansa, ba turin gefe ba. Kamar ka jingina buhunan gero a jikin zana ne. Irin wannan katangar takan tsaya daminar farko, magini ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba. Daga baya ta fara yin ciki, wata rana cikin dare ana ruwa ta kwanta. A gidanku kuwa ba ta da wurin kwanciya sai kan ɗakin maƙwabcinka.

Ko da katangar ta riƙe, cikon da aka juye daga tifa aka baje da shebur shekaru yake yi yana zama. Ɗakin da aka aza a kansa bin sa zai yi: daɓe ya lotsa, ƙofa ta ƙi rufuwa, bango ya buɗe. Cikon ƙwarai inci shida-shida ake zuba shi, a yayyafa ruwa, a danne da inji, sannan a ƙara wani. Ko an yi hakan ma, dole harsashi ya ratsa cikon ya sauka kan ƙasar asali. Lissafa: kuɗin ƙasa, kuɗin dakonta, kuɗin katangar kankare da rodi da za ta iya riƙe ta da gaske, da kuɗin harsashin da zurfinsa ya wuce tsayinka. Adashinka zai ƙare a binne, ba ka ga bango ya fito ba.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka bi gangaren yadda ka same shi. Garin nan ma a kan tudu Muhammadu Bello ya kafa shi a 1809, yana kallon gulbin Rima, kuma in ka bi lungunan tsohon gari da ƙafa za ka ji suna hawa suna sauka. Waɗanda suka gina gidajen can ba su da tifa. Ɗaki ya zauna a nan, na gaba ya zauna ƙasa da shi kaɗan, a haɗa su da 'yar matakala.

Raba filin bayan hawa uku. Ƙasar da aka yanko daga saman kowane hawa ita za ta cike ɗan abin da ya rage a bakinsa, ba ka sayi ƙasa ba. Maimakon katanga ɗaya mai mita 2, za ka sami gajeru uku da tazara a tsakaninsu, kowace ba ta wuce cinya ba, kuma ta lissafin da na ba ka, kowace kashi ɗaya bisa tara na turin doguwar take ɗauka. Ana iya yin su da dutsen marmara da siminti, gindi mai kauri, sama na tsukewa. A bayan kowace a zuba tsakuwa faɗin ƙafa ɗaya, a jera guntayen bututun roba masu inci 2 ko 3 ta ƙasa-ƙasa, mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi tsakani, don ruwa ya riƙa fita. Maginai kan toshe ramukan nan ranar shafe don bango ya yi kyan gani. Tsaya a kansu ranar.

Harsashin ɗakunan ma hawa-hawa za a yi shi. Ƙasan rami ya kwanta daidai, sai a sauka tsayin bulo ɗaya, a sake kwantawa, kankaren hawan sama ya hau kan na ƙasa da aƙalla ƙafa ɗaya. In ka leƙa ka ga ramin na zirarewa yana bin gangare, tsayar da aikin.

Tsarin nan na da wata riba da za ta yi wa Inna daɗi. Ita tana nan sama a ɗakinta, ba hawa ba sauka, yara masu ƙafa su gangara. Kuma da yake sabon rufin ya yi ƙasa, ba zai tare mata iskar fadama ba.

Kafin duk wannan, abu biyu masu arha. Sayi siririn tiyo wanda ake ganin cikinsa, ka cika shi da ruwa, ka kafa turaku a filin. Ruwan bakin nan da na bakin can kullum a tsayi ɗaya suke tsayawa, da haka za ka auna ainihin gangaren maimakon "tsayin mutum". Sannan ka sa lebura ya haƙa rami uku, sama da tsakiya da ƙasa, zurfin mita ɗaya da rabi. In marmara kuka tarar, ka gode wa Allah. In yashi ne mai zubewa, harsashi zai so faɗi. In laka ce mai danƙo, wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani, sai an yi taka-tsantsan sosai. In kuwa tsummoki da toka da fasassun tukwane ke fitowa, tsohuwar bola ce, ba a aza komai a kanta sai an ratsa ta.

Yanzu babbar maganar, wato ruwa. Da ni ne da kuɗinka, a nan zan fara kashe su. Ruwan Sakkwato ba shi da yawa a lissafin shekara, tsakanin milimita 600 da 700 ne galibi, amma kusan dukkansa daga Yuni zuwa Satumba yake sauka, kuma da ƙarfi. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin da ya kai mita 10 sau 10, in aka yi ruwan milimita 50 a dare guda, lita 5,000 zai zubar, duro 25 ke nan. Yanzu haka rufinku na juye nasa a gindin bango, ya bi gangare yana ɗebe ƙasa, ya ƙare a gidan maƙwabcinka. Ka ƙara ɗaki biyu, ka ƙara masa. Mutumin nan ba rigima yake nema ba, gaskiya gare shi.

In aka yi ruwa mai ƙarfi, ɗauki lema ka fita ka kalla da idonka. Ta ina yake shigowa daga lungun sama? Ina yake taruwa? Ta wace kusurwa yake ficewa? Wanda ke zuwa daga sama a tare shi da kwata ta siminti tun kafin ya iso bango, a zagaya da shi gefe. Na rufi a kama shi tun yana sama: mazurari a bakin kwano, bututu zuwa tanki, rarar kuma a kai ta kwatar titi. In ƙofar gidanku ta sama take, ruwan tsohon rufin zai iya zuwa can cikin bututu ba tare da ya taɓa bayan gida ba. Zagaye da ɗakuna a yi daɓe mai faɗin mita ɗaya, ya ɗan karkata waje. Wanda ya sauka a tsakar hawan ƙasa shi ne mai wuya, don ba ya komawa sama. Shi kam sai da yardar maƙwabci: bututu a binne ta gefen katangarsa zuwa lungun ƙasa, da kuɗinka, a rubuce.

Ka je masa kafin ka fara, da kai da wani dattijo da yake jin nauyinsa, ka nuna masa zanen. Duk wanda ya yi karatun Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya wuce ta wurin da aka kawo hadisin hana cuta da cutarwa, aka bi shi da misalai: kada mutum ya buɗe tagar da zai riƙa hango maƙwabcinsa, ko ƙofa daura da ƙofarsa, ko ya yi haƙar da za ta cutar da shi ko da a cikin mulkinsa ne. Biyu daga ciki sun shafe ka kai tsaye. Kai ne a sama, tagar da ka buɗe ta ɓangarensa tsakar gidansa za ta kalla, inda iyalinsa ke girki da wanki. Tagogin wannan ɓangaren a ɗaga su sama da kai. Ba ka yi asara ba, iska mai zafi ta nan take fita. Manyan tagogi su kalli tsakar gidanka, kudu ko arewa in wurin ya ba da dama, don bangon yamma ranar la'asar ke gasa shi, na gabas kuma shi hadari ke duka.

Haƙar kuwa ita ce ramin bayi. Kada a yi sokawe a jikin katangar da ke riƙe ƙasa, ko a gindin harsashi, a ba shi aƙalla mita 3. In maƙwabcin na da rijiya, abin da ake so shi ne mita 30 tsakani, kuma shi ne a ƙasa, abin da ya tsiyaya wajensa zai nufa. A ƙaramin fili wannan ba ya samuwa. In haka ne, mayar da bayin sama kusa da titi, a yi rami rufaffe na siminti da ba ya tsiyaya, inda motar kwasa za ta iya kaiwa.

Tsagewar ɗakin Inna ta fi damuna a kan komai. Ja layi da fensir a ƙarshenta ta sama da ta ƙasa, rubuta kwanan wata, ka shafa siririn siminti a wuri biyu ya ratsa ta. Ka riƙa dubawa, musamman bayan ruwa. In shafen ya fashe, bangon na motsi. In tsagewar a karkace take, ta fi buɗewa ta sama, a kusurwar da ke kallon gangare, har faɗinta ya kai rabin santimita, alamar kusurwar na sauka ce, sau da yawa don ruwa ya ci ƙasar gindinta. In haka ka gani, Inna ta koma ɗaya ɗakin kafin damina ta kankama, ko da za ta yi faɗa. Ƙwanƙwasa shafen simintin ma da ɗan dutse. Inda ya yi ƙarar kwalfa ya rabu da ƙasar ciki. Siminti ba ya barin bangon ƙasa ya shaƙi iska yadda makuba, shafen gargajiya, ke bari, danshi kan maƙale a baya, gara ta sami hanya, kai kana ganin fuska lafiya lau.

Wannan kaɗai ya isa amsa ga mai shawarar bene. Rufin kankare mai inci 6 na da nauyin kilo 360 a kowane murabba'in mita, sama da buhun siminti 7, tun ba a ɗora bango da mutane ba. Bangon ƙasa mai tsagewa, wanda ba ka san zurfin gindinsa ba, ba zai ɗauka ba. Sai an kafa sabbin ginshiƙai masu nasu harsashi, kuma in an kai nan sabon gida ake ginawa.

Wajen haƙa, a nisanci tsohon bango. Duk ƙafa ɗaya da za a nutsa ƙasa da gindinsa, a ja baya aƙalla ƙafa ɗaya, biyu ta fi. Shi ya sa na fi son ka bar 'yar tsakar gida tsakanin tsoho da sabo. In dole sai sun haɗu, a bar inci ɗaya a tsakani, a rufe saman da kwano, kada a saƙa sabon bulo cikin tsohon bango. Sabon gini sai ya ɗan zauna, in an ɗaure su tare zai ja tsohon.

Sauran kuwa sananne ne. Yi haƙa da zubi bayan ɗaukewar ruwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Kankaren da aka saba na ƙaramin gini buhu ɗaya ne da kwanon sarki 4 na yashi da 8 na tsakuwa, ka ƙirga da kanka. A yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7, a rufe da jiƙaƙƙun buhuna, don iskar hunturu na busar da shi kamar yadda zafin Afrilu ke yi. A ɗaure katakon rufi da langa-langa a jikin linta, iskar hadari ta fi ƙarfi a tudu. Siminti dai ga shi nan a Kalambaina ake yin sa tun 1967, amma in tifa ba ta shiga lungunku, kowane buhu da kowane kwanon yashi sai an biya baro ko jaki. Sa kuɗin dako a lissafi tun farko, shi ne ke ba mutane mamaki.

Kada ka yi ƙyashin kuɗin injiniya. Nemi mai rajistar COREN, wato hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ya zo ya ga ramukan uku a buɗe, ya ga tsagewar, ya zana maka harsashi da katangun, sannan ka kai zanen Hukumar Tsara Birane ta jiha a ba ka izini. Magininka zai ce ya gina gidaje da yawa ba zane, ba abin da ya faru. Ka ce masa to, ka miƙa masa zanen. In ya ƙi bi, nemi wani. Kuma kada ka ba kowa kuɗi a dunƙule, biya kan abin da aka gama.

Akwai inda yayanka zai yi gaskiya. In ramukan suka nuna bola mai zurfi, ko ruwa na tsattsafowa, ko akwai kwazazzabon da ke cin ƙasa yana matsowa daga ƙasa duk shekara, kada ka ƙara ɗaki a wurin. Gyara ruwan, tallafi tsoffin ɗakunan, Inna ta ci gaba da zamanta, ragowar kuɗin ka sa a fili. Sai dai shimfiɗaɗɗen fili ba lallai ne ya zama lafiyayye ba. Mutanen unguwar Mabera a nan Sakkwato za su ba ka labarin kwanciyar ruwa, kuma ba a manta da ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo ba. Duk filin da aka nuna maka da rani, koma ka gan shi a Agusta kafin ka biya.

In ƙasar ta yi kyau, kashe kuɗin a jere haka: takardar gado, hanyar ruwa, gyaran ɗakin Inna, sannan harsashin ɗakuna biyun gaba ɗaya, don ba a son a dawo ana haƙa a gefen sabon gini. Bayan nan ka tayar da abin da aljihu ya iya. In ɗaki ɗaya ne, a ba 'yan matan. Mazan su koma zaure, a sa masa ƙofa mai ƙarfi da taga, har adashi ya sake zagayowa kanka.